Malam Ina-Aka-Kwana da Katin Hoto

A ofishin kula da koguna babu mai kiransa da sunansa na yanka. Daga maigadi har shugaban sashe, Malam Ina-Aka-Kwana kowa ya sani, kuma shi da bakinsa ya jawo wa kansa. Idan ya ba ka takarda ka buga masa, kafin ka gyara zama ya leƙo ta ƙofa: "Ina aka kwana?" Idan ya aiki direba, motar ba ta gama fita daga harabar ofis ba wayar direban za ta fara kuka. Da farko yakan ɓata rai idan aka kira shi haka, daga baya ya gaji ya fara amsawa, har sababbin ma'aikata suka ɗauka iyayensa ne suka raɗa masa.

Dogo ne siriri, da tabarau mai igiya a wuya da biro uku a aljihun gaba, don bai taɓa yarda da biro ɗaya ba. Ba mugu ba ne, ba kuma mafaɗaci ba. Cutarsa ɗaya ce: ba ya iya sakin abu ya tafi shi kaɗai. A gida tuni uwargidansa ta kafa masa dokar hana shiga kicin, saboda da ta juya baya zai buɗe murfin tukunya ya ga ko abin ya nuna, ya rufe, ya zagaya tsakar gida ya dawo ya sake buɗewa.

"Malam," in ji ta, "tururin da zai dafa abincin duk ka shaƙe shi da hancinka, sannan ka zo ka ce na makara."

Telansa kuwa ya koyi ɓoye ɗinkinsa a ƙarƙashin na mutane. In ya hango shi tafe sai ya ce kayan suna wajen mai guga.

Wadda ta fi kowa shan wannan hali ita ce Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa. Mace ce da likitoci ma ke shakkar ta, amma ranar da za ta zo gida tun daga tasha uban zai fara. Kin samu mota? Gaba kika zauna ko baya? Direban yaro ne ko babba? Yanzu kun wuce ina? Ta taɓa gaya masa fasinjojin motar sun haddace muryarsa, har wata dattijuwa ta ce a gaishe shi. Ya yi dariya ya kashe waya, bai jima ba ya sake kira ya ji ko dattijuwar ta sauka. Uwargida takan yi masa tsiya a kan haka, amma ta san tushen abin. Lokacin da Auta take 'yar mitsitsiya ta taɓa sulalewa daga hannunsa a kasuwa, ya wuni yana bin layi-layi yana kiran ta, sai da yamma aka same ta tana sharar barci a ƙarƙashin teburin mai sayar da takalma. Ita ko tunawa ba ta yi. Shi kuwa har yau bai manta ba.

Aikinsa a ofis manhaja ce guda, wadda ya rubuta da hannunsa tun gashinsa yana baƙi, kowa kuma yana ce mata Tsohuwa. Aikin Tsohuwa shi ne ta faɗi inda ambaliya za ta kai. Idan aka tafka ruwan sama a can saman kogi, sai a aiko da awon da aka yi, ita kuma ta ɗauki taswirar kwarin gaba ɗaya ta yayyanka ta gida-gida kamar tayil ɗin tsakar ɗaki. Kowane gida ta lissafa ruwan da ya shigo masa daga maƙwabta da wanda ya fita, ta ɗan matsa gaba da lokaci, ta sake komawa gidan farko. Haka za ta yi ta yi, gida bayan gida, zagaye bayan zagaye, har ta gaya maka unguwar da za ta kwana cikin ruwa da wadda za ta tsira. Ba ta ƙarya, wannan kowa ya shaida. Matsalarta ita ce kafin ta gama magana ruwan ya riga ya zo ya wuce. Abokan aiki sukan ce duk ƙasar nan babu wanda ya kai Tsohuwa iya hasashen jiya.

A cikin manhajar akwai wani ɗan layi da Malam ya fi ji da shi, kuma shi ma yana da tarihinsa. Lokacin da ya fara aiki, kwamfutar ofis ta kai girman kabad, ɗakinta ma sai an cire takalmi ake shiga. Ya taɓa ɗora mata babban lissafi ya tafi ya bar ta kwana da kwanaki, ya dawo da manyansa yana tafe yana gyara hula. Ashe tun a zagayen farko wata lamba ta shiga ba daidai ba, injin kuma ya yi ta ninka shirme da shirme. Amsar da ta fito ta ce kogi zai hau tudu ya bar kwari a bushe. An yi masa dariya har a wurin cin abinci. Ranar ya ƙara layin nan: bayan kowane zagaye, Tsohuwa ta tsaya, ta bi lambobinta kaf ta tabbata babu wadda ta haukace, sannan ta rubuta a allo, "lafiya lau." Tun daga nan rayuwarsa a ofis ta zama kujera, da kofin shayi, da allo yana gangaro masa da lafiya lau, lafiya lau, ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ke kwantar masa da hankali kamar wannan.

Ana saura 'yan watanni ya yi ritaya shugaban sashe ya kira shi. Malam ne ya koya masa aiki lokacin yana sabon shiga, don haka ya daɗe yana juya biro a kan tebur kafin ya buɗe baki.

"Malam, wallahi nauyinka nake ji. Amma daga sama an matsa min. Akwai kamfanin da ke sayar da tasu manhajar, an ce kafin mutum ya gama shan shayi ta ba shi amsa. In damina ta faɗi Tsohuwa ba ta iya riga ruwa isowa ba, dole mu ajiye ta."

"Ranka ya daɗe, tasu ta san kwalbatin bayan mahauta? Ta san yana toshewa duk shekara?"

"Ba ta sani ba, Malam. Amma tana magana kafin ruwa ya zo."

Malam ya fito ya koma ofishinsa. Bai damu da barin aiki ba, ya ma fara tunanin kiwon kaji. Abin da ya sa a ransa shi ne ranar da zai tattara kofinsa da darduma ya fita, zai bar Tsohuwa tana aiki a bayansa, wani ya zauna a kujerarsa yana kallon ta. Yanzu ga shi ana shirin sallamar su tare, ita ma ba ko takardar yabo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai ɓoye wa kansa ba.

Ofis ɗaya suke zaune da Injiniya, wata mata mai matsakaicin shekaru da ba ta iya ganin abin dariya ta yi shiru. Bayan kwana biyu ta shigo da kwali ta dire masa a tebur. Ya buɗe ya ga wani abu mai nauyi kamar bulo, da fankoki a jikinsa.

"Wannan fa?"

"Katin hoto ne. Na sa an fitar mana daga sito."

"Na wasan yara? Irin wanda 'ya'yanki ke harbe-harbe da shi?"

"Shi fa. Malam, kwamfutarka ƙwaƙwalwa gare ta mai ilimi, kamar babban akawu, amma gida ɗaya take lissafawa ta gama sannan ta kama na gaba. Wannan kuwa ƙananan ma'aikata ne dubbai a cikinsa. Ba su da wani wayo, tarawa da ninkawa suka iya, amma duk tare suke yi. An ƙera shi ne don ya zana kowane ɗigo na allo a lokaci guda. To gaya min, mene ne bambancin ɗigon allo da gidajen taswirarka?"

Malam ya dubi katin. Duk tsiyarsa, lissafi ba ya ɓoye masa. Nan take ya hango abin: kowane gida da ma'aikacinsa, kwarin gaba ɗaya ya motsa a numfashi ɗaya. Ya ɗaga katin ya juya shi, ya leƙa ƙarƙashinsa kamar mai sayen kaza, ya ce za a gani.

A nan dole a ba shi haƙƙinsa. Mutum mai furfura, wanda ya kamata a ce yana zagayen neman kejin kaji, ya zauna ya koyi sabon salon rubutu daga tushe. Ya kwance cikin Tsohuwa ya sake ɗinke shi don ya dace da katin. Makonni ya yi tabarau a kan karan hanci, yana magana shi kaɗai, yana zagin alamomin baka da waƙafi. Direba ya samu hutu, mai buga takardu ta yi ƙiba. Ranar da ya gama, ya kira Injiniya ta tsaya a bayansa, ya yi bisimilla ya danna.

Fankokin katin suka tashi. Allo ya rubuta "lafiya lau." Aka jira. Ya sake rubuta "lafiya lau." Injiniya ta dubi agogon bango, ta dubi allo, ta sake duban agogo. Babu wani kwana-kwana, Tsohuwa da katinta ta fi Tsohuwa marar kati jinkiri.

"Na gaya miki kayan wasa ne," in ji Malam. Ya so muryarsa ta fito da nasara, amma a karye ta fito.

Injiniya ta ja kujera ta ce ya matsa. Ta bi rubutun a hankali tana gyaɗa kai, har ta ce aikin ya yi kyau, ita ma ba za ta yi fiye da haka ba. Da ta iso wajen layin nan sai ta tsaya. Ta sa gefen mayafinta ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Me ya faru?"

"Malam, lebura dubbai ka ɗauka aiki. Kowa ya ɗora bulo ɗaya sai ka busa usur, ka ce duk su sauko su jeru a gabanka ka ƙirga musu yatsu, sannan su koma sama su ɗora na biyu."

Ta nuna masa da biro. Katin yana da nasa wurin ajiya, kwamfuta tana da nata, tsakaninsu kuma 'yar ƙofa ce ƙarama. Lissafin kansa ƙiftawar ido ne. Amma saboda layin nan, bayan kowane zagaye sai an kwaso lambobin kwarin kaf an fito da su ta wannan ƙofa, babban akawu ya bi su ɗaya-ɗaya, ya rubuta lafiya lau, sannan a ba ma'aikatan izinin ci gaba. Duk lokacin a kai da kawo yake ƙarewa.

"Ka zuba musu kayan aiki sau ɗaya, ka bar su, in sun gama su kawo maka."

"In wani abu ya lalace a tsakiya fa? Kogi ya sake hawa tudu?"

"Su duba da kansu. Ka ba su doka, duk wanda ya ga lambar da ba ta da kan gado ya ɗaga tuta a tsaya. In da matsala za su kira ka."

"In ba matsala kuma?"

"Sai ka ji shiru."

Malam ya tattara birukansa ya ce zai yi tunani. Shirun nan ne ba ya so, kuma ita ma ta san haka.

Da yamma yana zaune a bakin ƙofar kicin, iyakar inda doka ta yarda ya kai, ya ba uwargida labari, har da ranar da aka sa za a gwada Tsohuwa a gaban shugaba, yana neman wanda zai taya shi jin haushi. Ta yi dariya har sai da ta ajiye ludayi ta share hawaye.

"Ashe har inji ma ya kai ƙararka. To Allah ya saka wa Injiniya, ta faɗi abin da na shekara ina faɗi." Ta ɗan tsagaita. "Auta ta ce ranar gwajin naku za ta taho. Don Allah wannan karon ka bar yarinyar nan ta yi tafiyarta."

"Da bakinki kika ce yarinya."

"Kwanan aiki take yi ta fito ta shiga mota, Malam. Motar nan ce kaɗai wurin barcinta. Wancan zuwan ta ce da ta fara gyangyaɗi sai wayarka, da ta fara sai wayarka. Ta hana ni gaya maka, wai kar ka ji ba daɗi."

Bai taɓa kawowa a ransa cewa kiran nasa yana cin wani abu daga jikinta ba. Shi a ganinsa rakiya yake yi mata.

Washegari ya riga kowa zuwa ofis. Ya rubuta wa ma'aikatan katin dokar ɗaga tuta, ya gwada ta da lambar banza da gangan ya ga sun tsaya sun kira shi. Sannan ya gangaro kan tsohon layinsa. Ya daɗe yana kallon sa. Bai iya goge shi ba, sai ya sa masa 'yar alamar da ke sa kwamfuta ta tsallake layi kamar ba ta gan shi ba. Ko gwadawa bai yi ba bayan haka, ya ce a bari sai gaban shugaba, in za a ji kunya a ji ta sau ɗaya.

Ranar gwaji, da shigowarsa ya sa wayarsa a durowa ya kulle, ya miƙa wa Injiniya makullin.

"Ko na roƙe ki kar ki ba ni."

"Ko ka yi kuka?"

"Ko na yi kuka."

Shugaba ya maƙale a wani taro, bai sauko ba sai bayan azahar. Duk tsawon safiyar Malam yana zaune yana hararar durowa. Sau biyu ya fara wata magana mai kama da roƙo, Injiniya ta karkaɗa masa makullin ta mayar jaka. Da shugaba ya iso da wasu ma'aikata, aka ɗauko awon ambaliyar bara, wadda kowa ya san inda ta kai, kuma akwai amsar da Tsohuwa ta bayar a lokacin bayan ta kwana biyu tana nishi. Malam ya danna.

Fankoki suka tashi da ƙarfi. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan ɗigo yana ƙiftawa a kusurwa. Babu lafiya lau, babu komai. Malam ya miƙe, ya zauna. Hannunsa ya tafi wajen madannai da kansa, Injiniya ta ture shi da bayan biro. Irin wannan shirun ya ji a kasuwa ranar nan, yana kira ba a amsawa.

"Malam, je ka haɗo shayi," in ji Injiniya. "Tsayuwarka a nan ba ta ƙara mata komai."

Ya fita don kar ya ba da kansa a gaban yara. Ya jona butar lantarki a ƙarshen baranda, ya tsaya a kanta, kuma ko murfinta bai buɗe ba. Da ya dawo da kofi a hannu sai ya tarar duk sun yi cirko-cirko a gaban allo. Taswirar kwarin ce ta fito, shuɗin ruwa ya kwanta a inda ya kwanta bara. Injiniya ta jera sabuwar amsa da tsohuwar, suka bi su tare, unguwa-unguwa. Babu inda suka saɓa. Ga ruwa nan ya taru a bayan mahauta, inda kwalbati ke toshewa.

Shugaba ya sauke ajiyar zuciya, da alama shi ma abin ya daɗe yana cin sa. "Tsohuwa ta zauna, Malam. Zan rubuta musu yau."

Aka yi ta yi masa barka, wani ya ce yanzu sai a sake mata suna Amarya. Malam ya yi dariya tare da su, kuma da gaske ya ji daɗi, irin daɗin da bai ji ba tun ranar da Auta ta gama makaranta. Amma da ɗakin ya watse ya zauna a kujerarsa, sai wani abu ya biyo bayan daɗin. Tsohuwa ta yi tafiyar nan kaf ba ta waiwaye shi ko sau ɗaya ba, kuma ta fi kyau a haka. Shekara da shekaru yana zaune a nan yana ganin idonsa ne ke riƙe da ita, ashe shi ne ke riƙe mata ƙafa. Za ta rayu bayansa, abin da ya roƙa ke nan, sai dai bai san haka samun yake da kaɗaici ba. Shayin ya huce a gabansa bai kurɓa ba.

Da fankokin suka yi shiru ne aka ji durowa tana gurnani. Injiniya ta ajiye masa makullin ba tare da tsokana ba. Auta ce, kuma ba kiran farko ba ne.

"Baba? Baba, lafiya kake?"

"Lafiya lau. Me ya faru?"

"Ni zan tambaye ka. Tun safe ban ji ka ba. Na kira Mama ta ce ƙalau ka fita, tana ta dariya, ni ban yarda ba."

"Cewa na yi in bar ki ki yi barci a mota. In da matsala ai za ki kira ni."

"Wane barci? Duk tafiyar nan wayar tana hannuna, ina duba ko lalacewa ta yi. Har direba sai da ya tambaye ni ko tsohon nan yana nan lafiya." Ta ja hanci. "Ragewa za ka yi, Baba, ba dainawa ba. Sau ɗaya ko biyu ya ishe ni. Amma kar ka sake yi min shiru haka."

Malam ya cire tabarau ya bar shi yana lilo a igiyarsa.

"To tambaye ni mana," in ji ta.

Ya gyara murya. "Ina aka kwana?"

"Ina ƙofar ofishinku da jakata. Daga tasha nan na yo. Maigadi ya ce ba ya barin kowa shiga sai ka sauko."

Injiniya ta riga ta ja kujerarsa ta zauna, tana zuba wa Tsohuwa awon wata shekarar. Fankoki suka sake tashi, allo ya yi baƙi. Malam ya ɗauki hularsa ya nufi matakala, kuma har ya fita sau ɗaya kawai ya waiwaya.